Jamusawa sun gayyace ni Kirsimeti, Hajiya ta ce kada in je

"Yaya, ni 'yar Katsina ce, na zo musayar ɗalibai a garin Bayreuth na Jamus tun Oktoba. Wadda muke ɗaki ɗaya ta ce iyayenta suna gayyatata gidansu ranar 24 ga Disamba, in kwana biyu. Hajiyata ta ce kada in je, ga shi kowa a masaukinmu tafiya zai yi. Bizata kuma tsakiyar Janairu za ta ƙare, katin zama bai fito ba. Sannan an yi min tayin aiki a kasuwar Kirsimeti. Yaya zan yi?"

Ƙanwata, sannu da sanyi. Bari in fara da abin da kika sa a tsakiya, don shi ne mai wa'adi. Daga 24 ga Disamba har a shiga sabuwar shekara ofisoshin Jamus rabin barci suke yi, kuma a jiharku ta Bayern ranar 6 ga Janairu ma hutu ce. Ki miƙa buƙatarki a rubuce ga Ausländerbehörde, ofishin baƙi, tun bizar tana da rai, ki adana shaidar cewa kin miƙa. Wanda ya nema kafin takardarsa ta ƙare, doka na ɗaukar zamansa halal ne har a yanke hukunci, kuma ana ba shi takardar riƙon ƙwarya mai suna Fiktionsbescheinigung. Kada ki tsallaka iyaka, ko zuwa Prague ne, babban birnin ƙasar Czech da ke kusa da ku, bayan bizar ta ƙare ba ki da wannan a hannu, kuma sai kin tambaye su ko irin wadda suka ba ki tana bari a dawo.

Aiki kuwa, tun Maris 2024 ɗalibin da ya zo daga wajen Tarayyar Turai yana da kwana 140 cikakku ko rabin yini 280 a shekara, amma ki karanta abin da aka rubuta a jikin bizarki tukuna. Ki kuma tambayi me rumfar ke sayarwa. Rumfunan da suka fi ciniki na Glühwein ne, giyar inabi ce da ake dafawa da kirfa da kanumfari. Akwai masu sayar da almond mai sukari, kyandir, kayan katako. Ki nemi safa mai kauri, tsayuwar awa shida a wannan sanyi ba wasa ba ce.

To, gayyata. Ni dai na ce ki je, amma da yardar Hajiya, kuma ina ganin za a same ta in ta gane abin da ake nufi. Bajamushe ba ya buɗe ƙofarsa a daren 24, wanda suke kira Heiligabend, sai ga na jiki. Mu da Sallah ƙofa a buɗe take, duk wanda ya shigo ya ci tuwo. Su kuwa rufewa suke yi, titi ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Shekarata ta farko a can na ƙi amsa irin wannan gayyata don kunya. Shaguna suka rufe tun ƙarfe biyu na rana, 25 da 26 duk hutu, kantin abincin jami'a a kulle, rana ta faɗi wajen ƙarfe huɗu. Na kwana uku da shayi da busasshen burodi, ina kallon bango. Har yau ban ga ladan da na samu ba.

Abin da zai faru a gidan ba ɓoyayye ba ne. Wasu iyalan suna zuwa coci da yamma. Ki ce za ki jira su a gida, ba wanda zai ji haushi, Jamusawa da yawa ma ba sa zuwa. Daga nan a kunna fitilun bishiya, a yi rabon kyaututtuka, Bescherung, a ci abinci. Hukuncin abin da ya shafi ibada na malamai ne, ki tambayi wanda kika amince da iliminsa. Abin da na sani shi ne zama a ci abinci da maƙwabci daban, shiga addu'arsa daban.

Inda 'yan uwanmu ke faɗawa rami shi ne kara. Mu mun saba a sa mana abu mu yi shiru. Su kuwa magana a fili suke so, kuma tun da wuri. Yau ɗin nan ki gaya wa ƙawarki: ba naman alade, ba giya ko a cikin girki. A gidaje da yawa abincin daren 24 salak ɗin dankali ne da tsiran alade, washegari a gasa dinya. In naman da ba ki san yankansa ba yana damunki, ki ce kifi ko ganye, sun saba da masu cin ganye. Burodin Stollen sau da yawa ana jiƙa zabibinsa a giyar rum, wasu cakulan ma da giya a cikinsu, alewa mai danƙo kuma galibi da gelatin na alade ake yi. Ki tambaya, ba abin kunya ba ne. Ki faɗa musu kina buƙatar kusurwar da za ki yi salla, don a Disamba Azahar da La'asar da Magariba a jere suke zuwa cikin kamar awa huɗu.

Kada ki je hannu rabbana. Ƙaramin abu ya isa: ganyen zoɓo ki dafa musu da citta, ko ƙyallen atamfa in kin zo da shi. Suna buɗe kyauta nan take a gaban mai bayarwa, kada ki ɗauka zalama ce. Da kin isa ki kira Hajiya ta bidiyo ta gaisa da uwar gidan, ta ga ɗakin da aka ba ki. Yawancin tsoron iyaye na abin da ba su gani ba ne. In duk da haka ta ce a'a, ki haƙura, ki gode wa mutanen da kati da hannunki, ki cika firij kafin 23, ki nemi sauran ɗaliban da ba su tafi ba ku yi girki tare.

Kasuwar Kirsimeti ta birnin Nürnberg tana kusa da ku, ki je ko sau ɗaya kafin a rufe ta ranar 24. Ki ce a ba ki Kinderpunsch, shi ne abin sha mai zafi marar giya. Za a ƙara miki kuɗin ajiyar kofi, in kin mayar a dawo miki da su. Daren 31 kuma, Silvester, in kika ji gari ya ɗauki ƙara da tsakar dare, wasan wuta ne. Ki gaya wa Hajiya tun da rana, kada ta kira ta ji a waya hankalinta ya tashi.