Ku Tambayi Malam: Me Ya Sa Ake Riga Mu Gani?

Tambaya: Malam, mu matasan Kabuga ne, muna buga wasan Traveller a kan tebur, wasan da ake kwaikwayon tafiya a kumbon sararin samaniya. Kullum abokan gaba sai su gano kumbonmu tun kafin mu gan su. Ina matsalar?

Amsa: Ɗana, ina zargin kuna barin na'urar rada a kunne. Ita tana harba igiyar rediyo ne, ta jira ta dawo, kamar mai haska tocila a lungu cikin dare: ɓarawo ya hango shi tun daga nesa. Ku kashe ta, ku dogara da na'urar da ke jin zafin injin maƙiyi. Amma fa mai jin zafin ba ta faɗin nisa daidai. Wasan nan na 1977 ne, ƙwayar ludo biyu ake jefawa don a san ko yunƙurin ɗan wasa ya yi nasara. Da ni ne alƙalin wasan, duk wanda ya tayar da inji zan sauƙaƙa gano shi.