Ka tambayi wanda kurkunu ya taɓa kwantarwa

Salamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka: me ya sa mutanenmu ke ta yabon Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, tun da ya rasu, alhali Ba'amurke ne, Kirista, kuma kai ba ka ga abin da ya tsinana mana ba? Da jin wannan na san bayan zamanin kurkunu ka tashi. Ni kuwa a cikinsa na girma, daga baya na yi shekaru ina aikin sa-kai a yaƙin da aka yi da shi, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

A ƙauyenmu tafki ɗaya muke sha, mu da dabbobi. Da damina ta kankama sai ka ga magidanta zube a ƙofar gida, ƙafa a kumbure. Wata shekara uku suka fito wa mahaifina a lokaci guda. Da farko ƙurji ne mai raɗaɗi kamar an ɗora garwashi, sai ya fashe, kan tsutsar ya leƙo fari fat kamar zare. Kullum da safe mahaifiyata za ta nannaɗe ɗan abin da ya fito a jikin tsinke, a hankali, don in ta tsinke a ciki ƙafar ruɓewa take. Wata tsutsar tsawonta ya kusa mita guda. Wata biyu yana kwance, ciyawa ta cinye mana gero, shekara ta zagayo muna awo a kasuwa. Wasu su ce jijiya ce ta fito, wasu su ce jifa ne. Ba wanda ya zargi tafkin, domin tsakanin shan ruwan da fitowar tsutsar kusan shekara ce cur.

Shi wannan bawan Allah, Carter, kafin siyasa sojan ruwa ne kuma injiniya. An haife shi a 1924 a wani ɗan gari, Plains, a jihar Jojiya. Ya gama makarantar sojan ruwa ta Annapolis a 1946, ya yi aiki a jiragen da ke tafiya ƙarƙashin teku, har aka ɗauke shi cikin shirin ƙera masu aiki da makamashin nukiliya. A ƙarshen 1952 wata tashar nukiliya ta yi haɗari a Chalk River ta ƙasar Kanada, yana cikin waɗanda aka tura su kwance na'urar. Saboda ƙarfin tururin guba, daƙiƙa 90 kacal aka yarda mutum ya yi a ciki. Sai suka haɗa kwatankwacin na'urar a fili suka yi ta gwaji, kowa ya san ƙusar da zai kwance kafin ya shiga. Da mahaifinsa ya rasu a 1953 ya ajiye kaki ya koma gida noman gyaɗa.

Na kawo maka wannan ne don irin wannan tunanin ya kawo wa yaƙi da kurkunu. Cutar ba ta da magani, ba ta da allurar rigakafi. Abin da aka yi shi ne a bi hanyarta a toshe. Mai kurkunu yana tsoma ƙafa a tafki don ya ji sanyi, tsutsar ta zuba 'ya'yanta, ƙananan ƙwarin ruwa su haɗiye su, mu kuma mu sha ƙwarin. To, a tace ruwa, a hana mai ciwo shiga tafki, a zuba wa tafkin maganin kashe ƙwarin, a riƙa ƙirga masu ciwo kowane wata. Aikina ke nan: littafi da biro, da ƙyallen tacewa da nake ɗaura wa mata a bakin randa. Ranar da na fara zuba ruwan da ya rage a ƙyalle cikin kwalba na ɗaga wa rana, wata tsohuwa ta ga ƙwarin suna motsi, sai ta riƙe baki ta yi ta salati. Daga ranar ba ta ƙara shan ruwan da ba a tace ba, kuma ita ta riƙa yi min wa'azin a wajen biki da suna.

Da cibiyarsa ta Carter Center ta shiga aikin a 1986, an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa duk shekara a ƙasashe 21. Nijeriya kaɗai an ƙirga sama da 650,000 a ƙarshen shekarun 1980. Janar Yakubu Gowon ya shigo ya riƙa bin ƙauyuka yana matsa wa gwamnoni su haƙa rijiyoyin burtsatse. Mutum na ƙarshe da aka samu da ita a ƙasar nan a 2008 ne, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya da Nijar sun rabu da ita. A Sudan sai da Carter ya sa aka tsagaita wuta a 1995 don ma'aikatan lafiya su kai ga ƙauyuka.

Mulkinsa daga 1977 zuwa 1981 wannan na bar wa masu sharhi, Amurkawa da kansu sun kayar da shi a zaɓe. Batun addini kuwa, bai taɓa ɓoye nasa ba. Har ya haura casa'in yana koyarwa ran Lahadi a ɗan cocin garinsu, ya yi shekara 77 da matarsa Rosalynn. Amma duk shekarun da na yi ina raba ƙyalle, ba a taɓa ce min in tambayi addinin mai randa ba, ba kuma wanda ya haɗa mana da wa'azi.

A 2015, da likitoci suka ce ciwon daji ya kai masa ƙwaƙwalwa, ya gaya wa 'yan jarida burinsa kurkunu na ƙarshe ya riga shi mutuwa. Bai samu ba, amma saura ƙiris: mutum 14 aka samu a duk duniya a 2023, yawancinsu a Chadi. Ya rasu ranar 29 ga Disamba 2024 yana da shekara 100.

In ka je gida, ƙanena, ka roƙi tsofaffinku su nuna maka idon sawunsu. Nawa tabon biyu ne, duk a ƙafar hagu.