Kayan Tafiya Tsibiri: Amsa ga 'Yar'uwar da Ta Yi Tambaya

Assalamu alaikum, 'yar'uwa. Na karanta tambayarki inda kika ce ke da maigidanki za ku yi kwana goma a wani tsibiri na yankin zafi, ba ku taɓa irin wannan tafiya ba, kuma kina neman sanin abin da za ki zuba a akwati da abin da za ki bari a gida. Tun da ba ki faɗi sunan tsibirin ba, zan ba ki abin da na gani da idona a Zanzibar da Maldibs da Bali, in haɗa da dokokin wasu tsibiran da na tabbatar da su.

Ma'aunin da nake amfani da shi guda ɗaya ne. Kusan duk abin da ake sayarwa a ƙaramin tsibiri jirgi ne ya kawo shi, na ruwa ko na sama, don haka abin da babu shi, babu shi, sai jirgi na gaba ya zo. Kowane abu na ɗauka nakan tambayi kaina: idan na manta da wannan, zan same shi a can? Riga da silifas da tawul ana samunsu ko'ina. Maganin da likita ya ɗora ki a kai, da tabaran ƙara gani, da takardun tafiya, ba a samunsu. Yawancin masu tafiyar farko sukan cika akwati da kashi na farko, su yi sakaci da na biyu, alhali na biyun duka ba zai cika ƙaramar jaka ba.

Ki fara da takardu tun saura makonni. Ƙasashe da yawa, ciki har da Indunusiya, suna buƙatar fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare, kuma tun a filin jirgin da za ku tashi ake hana mutum shiga idan bai cika wannan sharaɗi ba. Maldibs tana ba da bizar kwana 30 kyauta a filin jirgi, amma sai an cike takardar bayanin matafiyi ta intanet kafin isa. Seshels tana buƙatar izinin shiga da ake nema ta intanet tun kafin tashi, Zanzibar kuma tun Oktoban 2024 ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya tata ta musamman. Idan daga ƙasar da ke da cutar shawara za ku taso, ko za ku daɗe a filin jirginta a hanya, ku riƙe katin rigakafin. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa allura ɗaya ta isa har tsawon rai. Ki buga kwafin kowace takarda, ki ajiye shi daban da na asali, domin waya takan mutu a daidai lokacin da jami'i ke jiran ki nuna masa tikitin komawa.

Daga nan sai rabon kaya tsakanin akwati da jakar hannu, kuma wannan darasi da wahala na koye shi. A wata tafiya akwatina ya tsaya a filin jirgin da muka sauya jirgi, bai iske ni ba sai a rana ta uku, domin bayan ya iso babban tsibiri sai da ya jira kwale-kwalen da ke zuwa inda nake. Tun daga ranar, jakar hannuna takan ɗauki magunguna duka, da kayan sawa na kwana biyu, da kayan iyo, da caja. Tun da ku biyu ne, ku raba tufafinku: rabin naki a akwatinsa, rabin nasa a naki, ta yadda idan ɗaya ya ɓace ba wanda zai rasa abin sawa. Duk wani abu mai ruwa-ruwa a jakar hannu kada mazubinsa ya wuce mililita 100, a haɗa su cikin jaka mai garai-garai ta lita ɗaya. Batirin ajiyar caji kuwa ba a yarda a sa shi cikin akwatin da za a auna ba, dole ya kasance a hannu, kuma mai ƙarfin mAh 20,000 bai kai iyakar da kamfanonin jirage suka gindaya ba. Ki kuma binciki nauyin da jirgin ƙarshe yake ɗauka, ba na babban jirgi kaɗai ba. Jiragen da ke sauka a kan ruwa a Maldibs yawanci kilo 20 suke yarda da shi a akwati da kilo 5 a hannu, abin da ya ƙaru sai an biya, kuma da rana kawai suke tashi. Jaka mai laushi ta fi akwati mai tauri sauƙin cusawa a irin waɗannan jirage da kwale-kwale.

Game da tufafi, abin da ba a cika faɗa wa mutum ba shi ne danshi ya fi zafin damuwa. Iskar bakin teku cike take da laima, zufa ba ta bushewa a jiki, wanki ba ya bushewa a igiya. Na taɓa shanya wando mai kauri kwana biyu ina ɗaukarsa da sanyi-sanyi, daga ƙarshe ya fara warin funfuna. Saboda haka ki bar jins da duk wani yadi mai nauyi, ki zaɓi lilin ko auduga marar kauri, masu yalwa, masu launi mai haske. Na kwana goma, kala biyar ko shida sun wadatar idan kin tafi da ɗan sabulun wanki da igiyar shanya. Kayan iyo su kasance biyu ga kowannenku, ɗaya yana bushewa ana amfani da ɗaya, domin zama cikin jiƙaƙƙen kaya shi ke kawo ƙaiƙayi da ƙuraje a matsematsi. Ni na fi son rigar iyo mai dogon hannu, saboda tana rufe jiki kuma tana tare rana fiye da kowane mai da za a shafa. Babban gyale marar nauyi yana aiki da yawa: shimfiɗa ne a kan rairayi, mayafi ne a cikin jirgi, sutura ce a cikin gari. A tsohon garin Zanzibar da ƙauyukan Maldibs ana son baƙo ya rufe kafaɗa da gwiwa, a wuraren ibadar Bali kuma ba a shiga sai da zane da ɗamara. Ki sa rigar sanyi guda ɗaya marar nauyi, domin na'urar sanyaya ɗaki da jirgin ruwa na asuba suna sa sanyi, kuma masu hawa dutsen Batur na Bali don ganin fitowar rana, mai tsayin mita 1,717, sukan yi rawar ɗari a samansa. Idan Karibiyan kuka nufa, kada maigida ya ɗauki wani abu mai zanen kakin soja, ko hula ce, domin a Barbados da Jamaika doka ta hana farar hula sa shi.

Takalma uku sun isa: silifas, da takalmin tafiya mai rufe ƙafa, da takalmin shiga ruwa mai tafin roba. Na ukun ne mutane ke rainawa. A gabashin Zanzibar ruwa yakan janye nesa sosai, mutane su bi sahunsa suna tafiya a kan duwatsun murjani, inda bushiyar teku ke ɓoye da ƙayoyinta masu karyewa cikin nama. Na ga wani bawan Allah da ya taka ta ba takalmi, sauran kwanakinsa duka a zaune ya yi su. Yankan murjani ma yana saurin ruɓewa idan ba a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu nan take ba.

Rana kuwa ina roƙonki kada ki yi mata kallon wadda kika saba da ita. Kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu haskenta yana sauka kusan a miƙe, ruwa da farin rairayi suna mayar da shi sama zuwa fuska, iskar teku kuma tana sanyaya jiki har mutum ya kasa jin yana ƙonewa. Gajimare marar kauri ba ya tare yawancin hasken da ke ƙona fata. Baƙar fata tana da kariya fiye da fara, amma tana ƙonewa. Ni kaina bayan wuyana da kafaɗuna sun saɓule bayan yini guda ina iyo fuska a ƙasa ina kallon kifi. Ki nemi man kariya daga rana mai lamba 30 ko 50, wanda ruwa ba ya saurin wankewa. Mai lamba 30 yana tare kusan kashi 97 cikin ɗari na hasken da ke ƙona fata, mai 50 kusan kashi 98, don haka yawan shafawa ya fi girman lamba muhimmanci: a shafa da kauri, a sake kowane awa biyu da kuma bayan fitowa daga ruwa. Babban mutum yana buƙatar kusan mililita 30 don jikinsa duka a shafawa ɗaya, kin ga kwalba guda ba za ta ishi mutum biyu kwana goma ba. Ki duba abin da aka haɗa man da shi. Palau tun 2020, Hawayi kuma tun 2021, sun haramta sayar da mai ɗauke da sinadaran oksibenzon da oktinokset saboda illarsu ga murjani. Wanda aka yi da zinki oksayid ya fi aminci, ko da yake yakan bar ɗan fari-fari a baƙar fata. Malfa mai faɗin baki da igiyar ɗaurewa, da baƙin tabarau, da man leɓe, su cika wannan ɓangare.

Sai sauro, kuma a nan ne na fi so ki natsu. Wasu tsibiran sun rabu da maleriya: an tabbatar wa Morishus haka a 1973, Maldibs a 2015, Siri Lanka a 2016. Wasu kamar Madagaska har yanzu tana nan, kuma zuwa can sai an ga likita tukuna ya rubuta maganin rigakafi. Idan doksisaikilin ya ba ku, ku sani yana sa fata saurin ƙonewa a rana. Amma rashin maleriya ba ya nufin rashin haɗari, domin zazzabin dengi yana yawancin tsibiran yankin zafi, sauron da ke ɗauke da shi kuma da rana yake cizo, musamman da sassafe da gab da faɗuwar rana, lokacin da gidan sauro ba ya amfanar kowa. Ki tafi da maganin shafawa mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30, ko pikaridin kashi 20. Man rana ake fara shafawa, a bari ya shiga jiki, sannan a bi da na sauro. Ki kula, DEET yana cin roba, yana ɓata tabarau da madaurin agogo. Idan zazzabi ya kama ɗayanku a can ko cikin mako biyu da dawowa, farasitamol kaɗai za a sha kafin a ga likita, ban da asfirin da ibufurofen, domin idan dengi ne suna ƙara haɗarin zubar jini.

Ƙaramar jakar magani ta ƙunshi farasitamol, maganin gudawa, ƙunshin gishiri da sukari na mayar da ruwan jiki, maganin ƙaiƙayi, aidin, filasta, bandeji, hantsaki na cire ƙaya, da maganin jiri da amai na shiga jirgin ruwa, wanda ake sha tun kafin a hau. Magungunan da kuke sha kullum ku ɗauki fiye da na kwanakin tafiya, domin iska takan hana jirage tashi, a bar su cikin kwalinsu na asali tare da takardar likita. Masu ɗauke da kodin ko tiramadol suna iya jawo wa mutum tsarewa a Indunusiya da wasu filayen jiragen da ake yada zango, don haka a bincika tukuna.

Kayan wuta ba su da yawa. Zanzibar da Seshels da Maldibs sun fi amfani da soket mai baki uku irin na Ingila, Bali mai zagayayyun baki biyu, Hawayi irin na Amurka mai ƙarfin wuta volt 120. Adafta ɗaya mai shiga ko'ina ta raba gardama. Ki haɗa da jakar da ruwa ba ya shiga don waya da fasfo a cikin kwale-kwale, da ƙaramar tocila, da gorar ruwa mai cikawa. Ki riƙe tsabar kuɗi ƙananan takardu da katin banki biyu a wurare daban, saboda ƙananan tsibirai da dama ba su da na'urar cire kuɗi. Leda kuwa, Tanzaniya ta haramta shigowa da ita tun Yunin 2019, sai masu zik na kayan wanka, don haka jakar yadi ta fi.

Watan tafiyarku zai sauya wani abu a lissafin. Damina mai ƙarfi a Zanzibar daga Maris zuwa Mayu take, a Bali daga Nuwamba zuwa Maris, guguwar Karibiyan daga Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba, ta yankin Morishus kuma daga Nuwamba zuwa Afrilu. Idan a irin wannan lokaci za ku je, rigar ruwa marar nauyi ta fi lema, wadda iskar teku ke juyawa, kuma inshorar da ta haɗa da soke tafiya da ɗaukar marar lafiya zuwa babban asibiti ta zama dole. Wajen dawowa, kada ku tsinci murjani ko manyan kwanson teku ku sa a jaka, domin ƙasashe da yawa suna ƙwacewa su ci tara. Idan kin faɗa mana sunan tsibirin da watan da za ku tashi, zan rage miki abin da bai shafe ku ba daga cikin waɗannan.