Tambaya da Amsa: Rafin Bayan Gari Ya Fara Shigo Mana Gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Igabi, kuma ni ne sakataren ƙungiyar matasan garinmu. Akwai wani rafi da ya bi ta bayan gari, tun muna yara muke wanka a ciki bai taɓa shigo mana gida ba, amma yau shekara uku kenan a jere da zarar marka ta kama sai ya cika ya tumbatsa, bara gidaje bakwai suka zube har da ɗakin mahaifiyata, masarar bakin fadama kuwa ba a magana. Dattawa sun ce ikon Allah ne a yi haƙuri, matasa kuma sun ce mu ɗauko katafila ta yashe rafin ta miƙar da shi ta share duk ciyawa da itatuwan bakinsa. Mun yi karo-karo mun tara ɗan abin da ba a rasa ba. Dan Allah me ka gani?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya mayar da alheri, ka gaida min Inna ka yi mata jaje, don tsohuwa ta ga ɗakinta ya zube cikin dare ba ƙaramin abu ba ne.

Dattawa sun yi gaskiya, ikon Allah ne, sai dai an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Kuma ni maganarka guda ɗaya ce ta tsaya min a rai, inda ka ce da can baya shigowa yanzu yana shigowa. Toh wani abu ya canza kenan a jikin rafin, kuma kafin ku kashe ko kwabo sai kun gano mene ne. Kar ku taɓa kuɗin nan tukuna.

Ku bari sai rani, wajen Fabrairu ko Maris lokacin da rafin ya ƙafe, ku fita da ƙafa kai da mai unguwa da tsofaffi biyu ko uku da suka san yadda yake shekara talatin da suka wuce, ku fara daga ƙasan gari ku bi shi har sama, kana ɗaukar hoto da waya. Tsofaffin nan za su nuna maka inda da akwai gurbi mai zurfi yanzu yashi ya cike shi, da inda da kurmi ne yanzu gonar tumatir ce har bakin gaɓa, da tsohuwar hanyar ruwa da wani ya buga bulo ya yi katanga a kai. Ku duba ko masu tifa suna ɗibar yashi a kusa, don inda suka ƙwaƙule gindin gaɓa nan take zaftarewa.

Amma wurin da nake so ku fi daɗewa shi ne kwalbati. Na taɓa tsayawa a kan wata a hanyar wani ƙauye wajen Zariya, mutanen garin suna ta rantsuwa cewa rafi ne ya yi musu ƙanƙanta, muka sa yara suka zura doguwar gora ciki, wallahi abin da aka jawo sai da kowa ya yi shiru: buhunan taki, ledar fiya-wata cunkus, karan dawa, tsohuwar katifa, da wani kututture da ya gitta a baki ya tare komai. Rabin bututun ma laka ce ta daskare kamar daɓe. Ruwa ya zo bai samu hanya ba sai ya koma baya ya kwanta, ya shiga gidan da ya fi kusa. Kuma ko babu shara wani lokacin ɗan kwangila ne ya sa ƙaramin bututu don ya rage kuɗi, alhali bututu mai faɗin ƙafa uku bakinsa ya ninka na mai ƙafa biyu fiye da sau biyu, ba wai ɗan bambanci ba ne.

Mutane ba sa lissafa yawan ruwan da ke gangarowa. Ruwan sama na milimita 50, wanda a watan Agusta a Kaduna ana iya yinsa a dare ɗaya, in ya sauka a hekta ɗaya lita 500,000 ne, wato jarka mai lita 25 har guda 20,000. Da can da akwai itatuwa da ciyawa a tudu ƙasa tana shan kaso mai yawa, yanzu an sare an yi gawayi, duk sai ya sulalo rafi lokaci guda ɗauke da ƙasar gonakinku.

Maganar katafila kuwa, gaskiya ban goyi baya ba yadda matasa suka tsara ta. Lanƙwasar nan da rafi yake yi ita ke rage masa gudu, in kuka miƙar da shi ruwan zai taho da ƙarfi ya ci gaɓa ya zama kwazazzabo, sannan ya je ya faɗa wa ƙauyen da ke ƙasanku, ka ga kun ɗauke wahala kun kai wa surukanku kenan, ga rigima. Ciyawar bakin rafi kuma ita ce ke riƙe da ƙasar. Ku cire abin da ya tare tsakiyar ruwa, faɗaɗɗen itace da shara da yashin da ya taru a bakin kwalbati, amma ta gaɓa ku bar ta, ku ma ƙara dasa jema da gamba da gora, jema saiwarta nitsewa take can ƙasa ta kama ƙasa kamar raga. A zauna da masu gonakin bakin rafi a roƙe su su bar 'yan taku tsakanin kunyar ƙarshe da gaɓa, wannan sai dagaci ya sa baki don na san ba mai son barin ko taƙi ɗaya na fadama.

Aikin kansa gayya ce, da shebur da diga da baro, a watan Afrilu kafin ruwa ya zauna. Ku fara daga ƙasa ku yi sama don ruwan ya samu mafita, kuma ƙasar da kuka yaso kar ku jibge ta a bakin gaɓa, ruwan farko zai mayar muku da ita ciki, ku kai ta gindin katangun gidaje ku yi musu dandamali. In akwai wuri guda da hannu ya kasa, toh nan ne za ku sa kuɗin katafila na yini ɗaya, kuma wani dattijo ya tsaya a kan direban.

Sai gargaɗi. Ku kafa turke a bakin rafi ku shafa masa fenti, jan layi a inda ruwan bara ya kai, wani layin kuma ƙasa da shi da kamar kamu biyu, in ruwa ya taɓa na ƙasan a faɗa a lasifikar masallaci ko ƙarfe biyun dare ne, a kwashe tsofaffi da yara zuwa firamare ko duk inda ya fi tudu. Ku karɓi lambar wani a ƙauyen da ke samanku, don sau da yawa ruwan da zai ci ku ba a garinku aka yi shi ba. Ambaliyar da aka yi a Mokwa ta jihar Neja a ƙarshen watan Mayun 2025 da asuba ta zo mutane na barci, sama da mutum 150 suka rasu. A 2012 kuwa ambaliya ta kashe mutum 363 a ƙasar nan, a 2022 sama da 600. Ku riƙa sauraron hasashen damina na NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, da na ambaliya da NIHSA, hukumar sa ido kan ruwa da koguna ta ƙasa, ke fitarwa duk shekara, ana faɗa a rediyo da Hausa.

Kwalbati babba ta fi ƙarfin karo-karo. Ku rubuta takarda da sa hannun dagaci da hakimi, ku haɗa hotuna da adadin gidajen da suka zube, ku kai ƙaramar hukuma ta hannun kansila, kwafi ɗaya ga SEMA, wato hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, ku kuma nemi ofishin ACReSAL, shirin nan na Bankin Duniya mai aikin zaizayar ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimi, ku yi ta komawa.

TAMBAYA: Malam ni uwa ce daga wajen Kauru. Ruwa ya shiga rijiyarmu, yanzu ya janye amma yarana biyu suna gudawa. Ruwan ya yi garau, za mu iya sha?

AMSA: Hajiya kar ku sha haka, garau a ido ba ya nufin tsabta, ambaliya tana kwaso abin da ke cikin masai ta zuba a rijiya, ta nan kwalara ke shigowa. Ki tafasa ruwan sha har ya yi ta ɓararraka, ko ki sa maganin tsabtace ruwa na WaterGuard yadda aka rubuta a jikin robar. Yaran ki fara ba su ORS yanzu-yanzu, in babu ki haɗa lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, su riƙa kurɓa a kai a kai, ki karɓo musu zinc a asibiti. In kashin ya koma kamar ruwan shinkafa ko ido ya faɗa ko yaro ya kasa sha, a tafi asibiti ko dare ne. Ki ce wa maigida a kwashe rijiyar a sa mata kulorin, a ɗaga bakinta da siminti a yi murfi, masai kuma ya yi nesa da ita kamar mita 30 kuma ya kasance a gangare, ƙasa da rijiyar.

TAMBAYA: Ina noman shinkafa a bakin Galma wajen Soba, duk shekara ruwa na shanye ta. Akwai irin da ke jurewa?

AMSA: Akwai, Alhaji. FARO 66 da FARO 67, an fitar da su a 2017, suna iya jure nitsewa a ruwa har wajen sati biyu, muddin ruwan ya kwanta ne ba mai tumɓuke shuka ba. Ka tambayi malamin gona na yankinku ko ka leƙa Samaru ta Zariya wajen NAERLS, cibiyar wayar da kan manoma ta jami'ar Ahmadu Bello, su nuna maka dillalin iri mai rajista, kuma bana ka gwada a kwata ɗaya na gonar tukuna, can inda ruwa ya fi kwanciya.