Me Ya Sa Amurka Ba Ta Cire Harajin da Ta Ɗora wa Takin Amoniyam Salfet na Ƙasar Sin Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar takin zamani ne a Funtuwa. Na ji cewa Amurka ta ɗora wa takin amoniyam salfet da ke zuwa daga ƙasar Sin haraji mai nauyi, kuma wai duk bayan shekara biyar sai an zauna an duba ko a cire shi ko a bar shi. An zauna ɗin, an kuma bar shi, alhali a lokacin manomansu na kukan tsadar taki. Yaya ake wannan bitar, kuma me ake dubawa? In kaya na da araha, ina laifin a bar manomi ya saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Abin da ka ji haka yake. Bari mu fara da takin kansa, don yadda ake samun sa shi ne tushen rigimar.

Amoniyam salfet na ɗauke da naitirojin kashi 21 cikin ɗari, da farar wuta kashi 24 cikin ɗari. Yuriya da ka saba sayarwa tana da naitirojin kashi 46, saboda haka wanda ke neman naitirojin kaɗai ba zai waiwayi wannan ba. Farar wutar ake bi. Idan ka shiga gonar masara ka ga sababbin ganyen sama sun yi ɗorawa-ɗorawa, na ƙasa kuwa suna nan kore shar, galibi farar wuta ce ta yi ƙaranci. Ƙarancin naitirojin daga tsofaffin ganyen ƙasa yake farawa. A Amurka buƙatar wannan taki ta ƙaru ne bayan dokokin tsabtace iska sun rage hayaƙin masana'antu, wanda a da ruwan sama ke sauko da farar wutarsa gonaki kyauta.

Abin da ya raba shi da yuriya a kasuwa shi ne, mafi yawansa ba don kansa ake yin sa ba. Yana fitowa ne a gefe, yayin da ake haɗa wani sinadari mai suna kaprolaktam da ake yin zaren nailan da shi, ko yayin gasa kwal a masana'antun ƙarfe. Ka ɗauki matar da ke matsar man gyaɗa: man take nema, amma tunkuza na fitowa ko ta so ko ba ta so ba, kuma dole ta rabu da ita ko a nawa ne, in ba haka ba ta rasa wurin ajiya. Haka masana'antar nailan take. Kowane tan ɗaya na kaprolaktam na iya fitowa da tan biyu na wannan taki, a wasu masana'antun har huɗu. Da ƙasar Sin ta faɗaɗa masana'antun nailan ɗinta, sai taki ya taru fiye da abin da manomanta za su iya sha, ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Mai irin wannan kaya ba ya rage aiki don farashin taki ya faɗi, tunda ba takin ne ke juya injinsa ba.

A watan Mayun 2016, kamfanin PCI Nitrogen da ke Pasadena a jihar Teksas ya shigar da ƙara cewa ana jibge takin Sin a kasuwar Amurka ƙasa da farashinsa na gaskiya, kuma gwamnatin Sin na tallafa wa masu yin sa. A tsarin Amurka hukumomi biyu ne ke raba aikin. Ma'aikatar Kasuwanci ke bincika ko an karya farashi da kuma da nawa. Hukumar Cinikayyar Ƙasa da Ƙasa, wadda doka ta ba kujerun kwamishinoni shida, ita ke duba ko masana'antun gida sun ji jiki ko suna gab da ji. Sai dukansu biyu sun ce e kafin haraji ya hau. A watan Maris na 2017 aka kafa haraji iri biyu: na hana jibge kaya, kashi 493.46 cikin ɗari, da na goge tallafin gwamnati, kashi 206.72 cikin ɗari. Wato kayan dala 100, harajin farko kaɗai ya haura dala 493, ga na biyu a kai. Kuma ɗan kasuwar Amurka da ya shigo da kayan shi ke biya a kwastam, ba kamfanin Sin ba.

Kada waɗannan alƙaluma su sa ka ɗauka an buɗe littattafan kamfanonin Sin ne aka lissafa. Kamfanonin ba su ba da haɗin kai ga binciken ba, dokar Amurka kuwa ta ba Ma'aikatar Kasuwanci damar amfani da bayanan da ke hannunta ta fuskar da ba za ta yi wa mai ƙin amsawa daɗi ba. Haraji irin wannan rufe ƙofa ne, kuma ƙofar ta rufu, don takin Sin ya kusan ɓacewa daga kasuwar Amurka.

Yanzu ga bitar da ka tambaya. Yarjejeniyar Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya kan jibge kaya, a sashe na 11.3, ta ce irin wannan haraji ya mutu bayan shekara biyar, sai fa in an yi bita an gano cewa cire shi zai sa ɓarnar ta ci gaba ko ta dawo. Shi ya sa suke kiran ta bitar faɗuwar rana. Idan aka buɗe bitar babu wani kamfanin gida da ya fito ya ce yana son harajin, cikin kwana 90 ake soke shi. Idan na gida sun fito, na waje suka yi shiru, ana iya yin gajeriyar bita da takardun da ke hannu. Idan an ga dalili, a yi cikakkiya, da aika takardun tambayoyi ga masana'antu da dillalai da masu saye, da zaman sauraron hujjoji a Washinton.

Ka lura da kyau da tambayar da ake yi, don a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Ba a tambayar ko masana'antun Amurka na shan wahala yau. Ana tambayar me zai faru gobe in an buɗe ƙofa. Hasashe ne. Saboda haka kamfani na iya zuwa zaman yana cikin riba mai kauri, ya ce ribar nan albarkar harajin ce. Rashin shigowar kayan Sin ma ana ɗaukar sa hujja: tunda sun daina kawowa da aka sa haraji, alama ce ba sa iya sayarwa sai sun karya farashi. Kwamishinonin na duba yawan takin da masana'antun Sin za su iya fitarwa fiye da buƙatar gida, da abin da ke jibge a rumbuna, da ko farashin Amurka ya fi na sauran kasuwanni jan hankali, da ko wasu ƙasashe ma sun toshe musu hanya. A kan amoniyam salfet, amsar yawancin waɗannan a fili take. Abin da Sin ke fitarwa a shekara ya fi duk abin da Amurka ke amfani da shi, ninki ba ninki.

An buɗe bitar farko a watan Fabrairun 2022, aka shafe kusan shekara guda, a farkon 2023 aka yanke cewa harajin ya ci gaba. Babban mai cin gajiyar hukuncin shi ne kamfanin AdvanSix, mai katafariyar masana'antar kaprolaktam a Hopewell, jihar Bajiniya. Bita ta gaba za ta zo wajen farkon 2028.

Sai tambayarka ta ƙarshe, wadda ni ma take ci mini tuwo a ƙwarya. An yi wannan bita ne a shekarar da taki ya yi tashin gwauron zabo bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, manomin masara a jihar Ayowa ta Amurka na biyan kuɗin da bai taɓa biya ba. Amma dokar Amurka ba ta umarci kwamishinonin su auna wahalar manomi da ribar masana'anta ba. Manoma na iya rubuto koke, ana karantawa, sai dai ma'aunin da doka ta ajiye na masana'antar gida ne kaɗai. Tarayyar Turai ta bambanta, don a dokarta akwai matakin duba maslahar Tarayyar baki ɗaya, har da masu amfani da kayan. Meksiko, wadda ita ma ta ɗora irin wannan haraji a kan amoniyam salfet, ta dakatar da shi na wani lokaci a 2022 cikin matakan rage tsadar abinci. Kuma ba kullum masu ƙara ke nasara a Amurka ba: a watan Yulin 2022 Hukumar Cinikayyar Ƙasa da Ƙasa ta ƙi amincewa da haraji a kan takin ruwa na naitirojin daga Rasha da Tirinidad da Tobago, don ba ta gamsu an cutar da masana'antun gida ba.

A ganina, bisa ma'aunin da doka ta ba su, hukuncin 2023 na da hujja. Kayan da ke fitowa a gefe, wanda mai shi zai rabu da shi ko a nawa, na iya durƙusar da masana'antar da ke da nagarta, kuma arahar da ta kashe mai yi a gida ba ta cika daɗewa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a riƙe adadin da aka samo daga shirun kamfanonin da aka yi ƙararsu har tsawon shekara goma, ba tare da doka ta tilasta a tambayi halin wanda ke zuba takin a gona ba. Haraji mai sauƙi da zai daidaita farashi ya bar ƙofa a ɗan buɗe zai kare masana'anta, ya kuma bar wa manomi zaɓi.

Kai kuma a Funtuwa, ga inda abin ya taɓa ka. Takin da bai shiga Amurka ba yana neman wata kasuwa, kuma Barazil ce ke kwashe kaso mafi girma, sai ƙasashen kudu maso gabashin Asiya. Wani kuma na isowa tashoshinmu, inda masana'antun gauraya taki ke sa shi cikin kamfa, tunda ƙasar noma a yankinmu na yawan ƙarancin farar wuta. In za ka saye shi, buɗe buhu ka duba. Mai ƙananan ƙwayoyi kamar sukari ya fi araha, amma yana dunƙulewa in ya sha danshi, kuma yana tsiyayewa ƙasan buhu in an gauraya shi da wasu. Mai manyan ƙwayoyi daidai da na yuriya shi ke zama a gauraye. Ka kuma gaya wa manomanka cewa yawan zuba shi shekara da shekaru yana ƙara wa ƙasa tsami fiye da yuriya, don haka a gona mai jigawa a riƙa haɗa shi da takin gargajiya.