Za mu kai yara Disney: sai ɗan shekara biyu ya sa takunkumi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Idan Allah ya kai mu dogon hutu, ni da maigida za mu je Amurka ziyarar 'yan'uwa, kuma mun yi wa yara alkawarin kai su wuraren wasa na Disney a birnin Orlando. Ƙananan su ne damuwata: namijin shekararsa uku, macen shekara ɗaya da wata takwas. Ƙanwar mijina ta je a 2021, ta ce ba a barin yaro ya shiga sai da takunkumi, har ɗan shekara biyu. Nawa kuwa ko hula ba ya bari ta zauna a kansa. Har yanzu dokar tana nan? Idan tana nan, yaya zan yi da su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ƙanwar maigidan gaskiya ta faɗa miki, amma gaskiyar 2021 ce. Dokar tilasta takunkumi a wuraren wasa na Disney da ke Florida ta ƙare tun 2022, kuma yau wanda ya ga dama ya sa, wanda bai ga dama ba ya shiga haka. Game da macen kuwa, ko da dokar tana nan ba ta shafe ta ba, kuma kada ki sa mata ko da wani ya ba ki shawarar hakan. Zan dawo kan dalili.

Yana da kyau ki san yadda dokar ta kasance, don labaran da za ki ji daga masu zuwa za su yi ta saɓa wa juna, alhali kowa abin da ya gani ya faɗa. Disney na Orlando ya sake buɗe ƙofa ranar 11 ga Yuli, 2020, bayan rufewar korona, da sharaɗin duk wanda ya kai shekara biyu ya rufe hanci da baki. Abin da ya ba iyaye haushi shi ne, yaron da bai kai shekara uku ba kyauta yake shiga, ba a saya masa tikiti, amma ga shi ana binsa da dokar manya. Ba kowane ƙyalle ake karɓa ba: sai mai falle biyu aƙalla, wanda ya rufe hanci da baki ya zagaya ƙarƙashin haɓa, yana da madauri ko zoben kunne. An hana mai ƙofar fitar da iska, da mai raga-raga, da ɗankwalin da ake ɗaurewa a bar ƙasansa a sake, da irin wanda ake jawowa daga wuya. Cin abinci da shan ruwa ma sai ka tsaya wuri ɗaya, don an gano wasu na riƙe kofi suna yawo da shi wuni guda don kada su rufe fuska. An kuma ware wasu kusurwoyi na hutawa inda ake iya cirewa a sha iska.

Daga nan dokar ta yi ta sassauci tana tsanani. A tsakiyar Mayun 2021 aka daina tilastawa a fili. A watan Yuni aka sassauta wa waɗanda suka yi rigakafi. Ranar 30 ga Yuli aka dawo da ita a cikin gine-gine ga kowa daga shekara biyu, saboda nau'in korona da ake kira Delta. Ranar 17 ga Fabrairu, 2022 aka sake sassauta wa masu rigakafi, sai dai a lokacin ba a fara yi wa 'yan ƙasa da shekara biyar allurar korona a Amurka ba (sai a Yunin shekarar), don haka a takarda ƙananan yara ne suka rage da takunkumi bayan iyayensu sun ajiye nasu. A jirgin sama da motocin haya kuma, dokar gwamnatin tarayya ce da ta fara aiki a Fabrairun 2021, ita ma daga shekara biyu, har wata alƙaliyar kotun tarayya a Florida ta soke ta ranar 18 ga Afrilu, 2022. Kafin nan an sha sauke iyalai daga jirgi saboda ɗan shekara biyu ya ƙi bari a rufe masa fuska.

Shekara biyun ma ba ko'ina ba ne. Filin wasan Universal, wanda ke maƙwabtaka da Disney a Orlando, daga shekara uku ya fara. Disneyland na kusa da Faris ya fara daga shekara 11, daga baya ya sauko zuwa 6. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF kuwa, a shawarar da suka fitar a Agustan 2020, sun ce kada a tilasta wa yaro ɗan shekara biyar zuwa ƙasa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ita ce ta ja layi a shekara biyu, kuma ita Disney ta bi. Abin da duk suka haɗu a kai shi ne wanda bai kai biyu ba, ba a sa masa.

Dalili kuwa a jikin yaron yake. Hanyar numfashin ɗan ƙasa da shekara biyu siririya ce, kuma iskar da yake ja a kowane numfashi kaɗan ce, don haka ɗan abin da zai tare masa hanci ya fi ba shi wahala fiye da babba. Idan ya ji ƙunci ba zai iya faɗa ba, kuma ba lallai ya iya cirewa da kansa ba. Idan ya yi tumbuɗi ko amai a ciki, ko yawu ya jiƙa ƙyallen ya manne masa a hanci, ke da kike tura kekensa daga baya ba za ki gani ba. Haka nan kada ki lulluɓe keken da bargo ko mayafi da sunan kare ta daga tarin mutane; cikin keken da aka lulluɓe yana ɗaukar zafi da sauri. Rumfar keken ta isa, a bar gefe a buɗe iska ta ratsa.

Namijin kuma, zaɓi yana hannunki. A ganina, lafiyayyen yaro ɗan shekara uku ba ya buƙatar takunkumi yana yawo a fili cikin ranar Florida. Wahalarsa a can ta fi amfaninsa. Inda yake da ma'ana wurare ne ƙalilan: layin shige da fice a filin jirgi, lokacin shiga jirgi da sauka, motar bas da ke jigila tsakanin masauki da filin wasa, da dogon layi a cikin gini inda ake tsaye kafaɗa da kafaɗa. Yana kuma da ma'ana idan shi ne ke tari da majina, ko idan akwai mai raunin garkuwar jiki a tafiyar. Idan yaron yana da asma, ko sikila, ko ciwon zuciya, ki kai shi wurin likitansa kafin tafiya, shi zai ce a sa ko kada a sa. Kuma ki bar tsoron da ake yaɗawa cewa takunkumi yana rage wa lafiyayyen yaro iskar oksijin. Ga wanda ya haura shekara biyu, in dai busasshe ne kuma daidai fuskarsa, ba ya yin hakan.

Idan za ki saya, girman ya fi komai. Ki ɗauki zaren awo na tela ki auna daga karan hanci, tsakanin idanu, zuwa ɗan ƙasan haɓa, ki nemi wanda tsayinsa ya yi daidai da wannan idan an buɗe shi. Na manya ba ya yi wa yaro: yana hawa ya tokare ido, gefensa ya buɗe baki, sai yaron ya yi ta taɓa shi da hannun da ya shafa ƙarfen layi. Ki zaɓi mai ɗan waya a wurin hanci da zoben kunne mai laushi wanda ake iya ragewa. Irin mai tudu a gaba, kamar KF94 na Koriya wanda ake yi da girman yara, ya fi daɗi ga ƙananan yara saboda ba ya kwanciya a leɓe, don haka ba sa tsotsarsa. Idan kika ga an rubuta N95 na yara a kwali, ki yi hattara: N95 takunkumi ne mai tace iska sosai, kuma hukumar da ke tantance shi a Amurka ba ta tantance na yara. Mai ɗaurin igiya a ƙeya kuma, da igiyar ratayawa a wuya da ake sayarwa don kada ya ɓace, ki bar su a shago. Igiya a wuyan yaron da zai hau lilo ya yi tsalle a wurin wasa haɗarin shaƙewa ce.

Guda ɗaya ba ya kai yaro azahar. Ki lissafa huɗu zuwa shida a rana, a leda biyu masu zif, ɗaya ta masu tsabta ɗaya ta waɗanda aka cire. Da zarar ya jiƙe da yawu ko gumi ko alawa, ki canza, saboda jiƙaƙƙe yana wahalar numfashi, ba ya tace iska yadda ya kamata, kuma shi ke kawo ƙuraje a kumatu da bayan kunne. Na yadi ki wanke da sabulu da dare ki shanya. A damshin Florida ba lallai ya bushe kafin safe ba, shi ya sa ake son ya yi yawa. Ana cirewa ta zoben kunne, ba ta gaba ba. Sannan akwai lokutan da ba a barinsa a fuska sam: idan yaron ya yi barci a keke ko a kujerar mota, idan zai shiga ruwa, idan yana ci, da idan yana kuka mai tsanani har yana shessheƙa.

Maganar ƙin hula kuwa, kada ki bari ranar farko ta zama a ƙofar filin jirgi. Ki fara mako biyu ko uku kafin tafiya. Ki ba shi ya zaɓa tsakanin guda biyu, ya sa wa 'yar tsanarsa ko babansa tukuna. Ku tsaya gaban madubi ke da shi, kowa da nasa. Rana ta farko minti ɗaya ko biyu, yana kallon abin da yake so a talabijin; a riƙa ƙarawa har ya kai minti 15 ko 20, wanda kusan shi ne tsawon tafiyar bas ko layi ɗaya. Ki cire masa tun kafin ya gaji ya fizge, don ya saba da cewa ana cirewa. Idan bayan mako biyu har yanzu kokawa ake yi, ki haƙura. Takunkumin da yaro ke fizgewa kowane minti yana jefarwa ƙasa a mayar masa ya fi rashinsa illa.

Akwai wani takunkumin da dokarsa ke nan daram, kuma shi ne iyaye kan ruɗe da shi: na ado, irin fuskar jarumai da dodanni. A Disney, wanda ya kai shekara 14 ba ya shiga da kayan kwaikwayo ko fuskar ado a ranakun yau da kullum. Ƙananan yara ana barinsu, amma da sharaɗin kada ya rufe fuska gaba ɗaya kuma a riƙa ganin idanu. A zamanin korona ma ba a karɓar wannan a madadin na lafiya.

Tunda a dogon hutu za ku je, zafi ne zai fi ba ki aiki. A Yuli da Agusta Orlando kan kai digiri 33 da rana. Mutumin Kano zai ce wannan ai sanyi ne, amma damshi ne ke da shi, gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa, kuma kusan kowane la'asar sai hadari ya taso. Ku shiga da sassafe, ku koma masauki da azahar yara su yi barci, ku dawo da yamma. Ki riƙa ba su ruwa ba sai sun nema ba. Wuraren sayar da abinci na tafi-da-gidanka a cikin filin suna bayar da kofin ruwan ƙanƙara kyauta idan an roƙa. Idan famfas ɗin macen ya wuce awa shida a bushe, ko yaro ya yi laushi, leɓensa ya bushe, yana kuka ba hawaye, ki kai shi inuwa nan take. Kowane filin Disney yana da ɗakin kula da jarirai mai sanyi, inda ake shayarwa da canza famfas, da kuma ɗakin agajin gaggawa mai ma'aikatan jinya. Ki duba inda suke a taswira tun kuna shiga.

Abin da ya fi takunkumi muhimmanci kafin ku tashi shi ne katin rigakafin yaran. A ƙarshen 2014 zuwa farkon 2015, ƙyanda ta ɓarke daga Disneyland na Kalifoniya ta kama fiye da mutum 100, yawancinsu ba su yi allura ba ko ba a san ko sun yi ba. Ƙyanda tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, kuma ƙyallen da ke zamewa a hancin ɗan shekara uku ba zai tare ta ba. A tsarin Najeriya ana yin allurarta a wata 9 a maimaita a wata 15, kuma ta biyun ce iyaye suka fi mantawa. Macen ta wuce wata 15, don haka ki duba an cike mata gurbin. Idan babu, a yi aƙalla mako biyu kafin tafiya don ta samu lokacin kama jiki.

Sauran shi ne ki buɗe shafin dokokin filin wasan da na kamfanin jirginku sau biyu, lokacin sayen tikiti da kuma daren tafiya. Filin wasa wurin kamfani ne, yana iya kafa sharaɗinsa ko da gwamnati ba ta ce komai ba, kuma a 2021 sanarwar dawo da dokar kwana biyu kacal ta bayar. Ki jefa takunkumi 'yan guda goma na girman namijin a jakar hannu, ba a akwatin da za a auna ba. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.