Gidan Kakanmu na Tubali: A Yaɓe Shi da Siminti Ko a Rushe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun gaji gidan kakanmu a cikin birnin Zariya, ginin tubali ne mai zaure da soraye biyu. A daminar bara katangar gabas ta tsage, rufin zauren kuma ya fara yoyo. Wani magini ya ce a yaɓe gidan duka da siminti, ƙannena kuwa sun fi son a rushe a sa bulo, ni kuma raina bai kwanta da rushewar ba. Ina neman shawara.
Daga wani mai karatu a Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan magabata. Shawarata ta farko ita ce kada ka bari siminti ya hau jikin tubalin nan, kuma ina faɗin haka ne domin ni kaina na taɓa yin wannan kuskure a gidan mahaifinmu da ke cikin birnin Kano. Na sa aka yaɓe zauren da siminti, aka yi masa fenti, kowa ya yaba. Bayan damina uku sai yaɓen ya fara kumbura daga ƙasa, idan na ƙwanƙwasa shi da yatsa sai ya yi ƙara kamar ƙwaryar da babu komai a cikinta. Ranar da muka ɓamɓare shi, tubalin da ke baya ya jiƙe har ana iya dunƙula shi da hannu, ga farin gishiri ya fito a jikinsa, ga hanyoyin gara sun hau har kusa da rufi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ginin ƙasa yana shan laima daga tushe da damina, sannan ya fitar da ita ta jikinsa idan rana ta fito da iska ta kaɗa, siminti kuwa yana toshe wannan mafita, sai ruwan ya taru a ciki ya riƙa cin katangar a ɓoye alhali daga waje tana nuna lafiya. Ga shi kuma ƙasa da siminti ba sa miƙewa da tsukewa tare idan zafi da sanyi suka sauya, shi ya sa ba sa daɗewa a manne.

Kafin ka taɓa tsagewar, ka bi sawun ruwa. Ka hau soron ka duba ko indararo ya toshe ko ya gajarta har yana zuba a jikin katanga, sannan ka duba gindin katangar gabas, domin a tsofaffin unguwanni lungu yakan ɗaga sama da daɓen gida saboda ciko, ruwa ya riƙa kwanciya a tushe. Ɓangaren gabas kuma shi ne ya fi shan dukan ruwa a ƙasarmu, tun da hadari daga can yake tasowa. Ita tsagewar, ka shafa ɗan yaɓe a kanta ka jira makonni. Idan ya sake tsagewa, to tushen yana motsi, sai an gyara shi tukuna. Ka sa a tone bakin azarorin zauren a ga ko sun ruɓe inda suka shiga katanga.

A wurinmu wani dattijon magini ne ya ceci zauren. Ya sa aka kwaɓa jar ƙasa da ciyawa aka bar ta kwanaki tana tsima, ya cire ruɓaɓɓen tubali kaɗan-kaɗan yana maye gurbinsa, ya gama da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. A rufi kuwa laso ya fi, wato haɗin katsin marina da gashin akuya da dafara. Irin waɗannan magina ba su ƙare a Zariya ba, garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a a ƙarni na 19, wanda bakan gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan ƙasa masu riƙe da rufi, suke tsaye har yau. A Agadas ma ginin ƙasa ne ya sa UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013.

Sai dai ka gaya wa ƙannenka gaskiya, cewa gidan ƙasa yana son a duba shi kowace shekara kafin ruwa ya sauka, kuma dole a sami wanda zai ɗauki wannan nauyi. Idan ɗakunan zamani suke buƙata, ana iya gina su da bulo a tsakar gida ba tare da an haɗa su da tsohuwar katanga ba. Idan kuma maginin ƙasa ya ga katangar gabas ta karkata, a sauke ita kaɗai a sake ta da tubali, kada kowa ya kwana kusa da ita kafin nan. Ka fara aikin da zarar damina ta ɗauke, wajen watan Nuwamba, don sabon tubali ya sami rani guda ya bushe.